A Kula Da Duwatsun Birnin Kudu

Duk wanda ya taɓa bin tsohuwar hanyar mota wadda ta tashi daga Kano, ta ratsa Wudil, ta nufi gabas, ya san Birnin Kudu. Garin yana kimanin mil 80 daga Kano, kudu da Dutse, hedkwatar Jihar Jigawa. Yawancin matafiya abin da suka sani nasa bai wuce tasha da kasuwa da asibiti ba, sai kuwa Kwalejin Gwamnati wadda ta yaye manyan mutane masu yawa a ƙasar nan. Kaɗan ne suka san cewa a cikin duwatsun garin akwai abin da masana ke ganin ya girmi garin kansa. A ƙarƙashin waɗansu manyan duwatsu da suka yi rumfa, watau Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu da 'yan'uwansu, akwai siffofin shanu waɗanda mutanen da can suka zana a jikin dutse, yawanci da jan launi. Kusa da su kuma akwai waɗansu duwatsu masu amo kamar kuge in an buga su.

A kan waɗannan duwatsu muke so mu yi magana yau, musamman da malaman ofis da malaman makaranta, domin mun lura ran wurin nan yana hannunsu fiye da yadda su kansu suke zato.

Akan ce wai an gano zanen ne a farkon shekarun 1950. Mu kam mukan yi murmushi in mun ji haka, don kuwa mutanen Birnin Kudu ba su taɓa ɓatar da duwatsunsu ba, balle a gano musu. Abin da ya faru a lokacin shi ne labari ya kai kunnen mutumin da ya san darajar abin. Wannan kuwa shi ne Bernard Fagg, wani Baturen mulki da ya zo Jos a 1939, daga baya ya koma aikin kayan tarihi ɗungum. Shi ya buɗe gidan ajiye kayan tarihi na Jos a 1952, ya kuma shugabanci Ma'aikatar Kayan Tarihi ta Nijeriya daga 1957 zuwa 1963. Ya zo ya tsaya ya duba zanen da kyau, ya rubuta bayaninsa. A 1955 ya lura da duwatsun nan masu amo, a 1956 ya buga labarinsu a wata mujallar masana a Ingila. Daga wannan rubutu ne masu bincike suka farga, suka shiga neman irinsu, aka kuwa same su a wurare da yawa na Nijeriya, da Uganda da Sudan da Tanzaniya, har da Indiya da Turai. Ashe ke nan wani reshen ilmi sukutum daga Birnin Kudu ya tsiro, masanan duniya sun san sunan garin, alhali da yawa cikin yaran da suka yi karatu a can sun gama sun tafi ba su taɓa leƙa wurin ba.

To, mene ne a cikin zanen da har ya ɗauki hankalin masana? In an kai Bafulatani makiyayi wurin, ba sai an gaya masa ba, kallo ɗaya zai yi ya ce shanun nan ba su da tozo. Shanun da muka saba gani yau a ƙasar Kano da Jigawa, farare irin Bunaji, da jajaye irin Rahaji, da Bokolo na wajen Sakkwato, duk masu tozo ne. Na jikin dutsen kuwa gadon bayansu a miƙe yake. Iri biyu ne, waɗansu masu dogayen ƙahoni, waɗansu masu gajeru kamar muturu.

Wannan ba ƙaramar shaida ba ce. Masana sun tabbatar saniya mai tozo asalinta daga ƙasar Indiya take, ta shigo Afirka ta wajen gabas, ba ta kuma yawaita ba sai bayan ƙarni na 7 na Miladiyya. Kafin zuwanta shanun Afirka marasa tozo ne, sauransu kuwa suna nan har yanzu a gefe-gefe: muturu a kudancin Nijeriya, Kuri mai kumburarren ƙaho a Tafkin Chadi, da Ndama a ƙasar Gini. Muturu da Ndama suna da wata baiwa, watau jure sammore, cutar nan da ƙudan tsando ke sa wa dabbobi, wadda kan kayar da mai tozo. Saboda haka wanda ya tsaya gaban Dutsen Mesa yana kallon irin dukiyar da mutanen wurin ke kiwo ne tun kafin garken da muka sani ya mamaye ƙasar, mai yiwuwa kuma a zamanin da dajin ya fi na yau duhu da damshi.

Zanen nan har wa yau yana da dangi a arewa. Hamadar Sahara da muka sani ba haka take ba tun asali. Tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce tana da ciyawa da tafkuna da namun daji. A Gobero, cikin Tenere ta Jamhuriyar Nijar, inda yau ba abin da ke akwai sai rairayi, an tarar da wata tsohuwar makabarta a shekarar 2000, aka ƙidaya kaburbura wajen 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe, ga ƙasusuwan giwan ruwa da kada da dorina. A duwatsun Tasili na Aljeriya akwai zane sama da 15,000, da yawa cikinsu na makiyaya ne da shanunsu marasa tozo. Da ruwa ya ja baya, sai makiyaya suka yi ta gangarowa kudu da dabbobinsu. Ba mu ce jikokin masu zanen Tasili ne suka yi na Birnin Kudu ba, tsakaninsu akwai nisan ƙasa da nisan zamani. Amma dai zanen Birnin Kudu, da na Shira da na Geji a Jihar Bauchi, yana zaune ne a bakin kudu na wata babbar al'ada ta makiyaya masu zana shanunsu a dutse, wanda kuwa ke son ya san yadda kiwo ya iso ƙasar Hausa ba shi da makawa sai ya bi ta kansu.

Su kuma duwatsun kiɗan, ba wanda ya sassaƙa su. Zafin rana da sanyin dare ne suka ɓalle falalen dutse, ya zauna a kan ɗan'uwansa ta wuri kaɗan, sauran jikinsa a sake, shi ya sa in an buga yake amsawa. Kowane gefe da tasa murya. Inda aka daɗe ana bugu da ɗan dutse ya lotsa ya yi santsi kamar cikin ludayi, dutse mai tauri irin wannan kuwa ba ya lotsawa a shekara ɗaya ko goma. Fagg ya rubuta cewa a zamaninsa amare kan je Dutsen Murufu da ƙawayensu lokacin biki. Watau wurin bai mutu da masu zanen ba, ya ci gaba da aiki a cikin rayuwar garin har zuwa zamanin iyayenmu.

Sai babbar tambaya: shekara nawa ke nan da yin zanen? Nan ne muke so mu ja hankalin masu karatu. Masu son garin kan faɗi adadi, kowa da wanda ya yi masa daɗi a baki. Masana kuwa ba su yanke ba. Rashin tozo alama ce mai ƙarfi, amma ba ta isa hujja ita kaɗai ba, gama shanu marasa tozo ba su ɓace rana ɗaya ba, sun daɗe suna zaune tare da masu tozo a wurare da dama. Ƙarin gishiri ba zai ƙara wa wurin daraja ba, sai ma ya sa masana su daina ɗaukar maganarmu da nauyi. Abin da ya kamata mu gane shi ne amsar tana nan a wurin, ba a gama karanta ta ba tukuna, ana kuma iya lalata ta kafin a karanta.

Ga yadda abin yake. Duk abu mai rai, itace ne ko dabba, yana ɗauke da wani irin sinadarin kabon wanda ke fara raguwa tun daga ranar da abin ya mutu, rabinsa na tafiya cikin kowace shekara 5,730. Wani masani Ba'amurke, Willard Libby, shi ya fito da hanyar auna wannan raguwa a ƙarshen shekarun 1940, har aka ba shi kyautar Nobel a 1960. Da ita ake sanin shekarun gawayi da ƙashi da ƙwayar hatsi. Amma jar ƙasar da akan niƙa a yi zane da ita ba ta taɓa yin rai ba, saboda haka awon ba ya cin ta kai tsaye. Sai a koma ga ƙasar da ke gindin dutsen, inda masu zanen suka zauna, suka hura wuta, suka fasa tukunya, suka yar da ƙashi. Shekara bisa shekara ƙura na rufe abin da aka bari, wani hawa a kan wani. In aka sami guntun jar ƙasar da aka goga, ko ɓallen dutse mai zane a jikinsa, kwance cikin hawa ɗaya da gawayi, to an sami bakin zaren.

Malamin ofis zai fi kowa fahimtar wannan. A cikin fayil, takardar da ta fara zuwa ita ce a ƙasa, ta ƙarshe a sama. Ko da wata ba ta da kwanan wata, in an gan ta tsakanin ta watan Maris da ta watan Mayu, an san lokacinta. Amma in masinja ya kayar da fayil ɗin, iska ta watsa takardun, ya tattara ya cusa yadda ya ga dama, to takardu duk suna nan, ba wadda ta ɓata, labarin ne ya tafi. Haka ƙasar gindin dutse take. Wanda ya kwashe ta da shebur don ya yi cikon daɓe ko ya buga bulo, ko ya haƙa ta don neman wata dukiya da ya ji ana faɗi, ya watsa fayil ke nan. Bambancin kuwa shi ne a ofis akwai kwafi, ana iya rubutawa hedkwata a aiko da wani. Wannan ba shi da kwafi ko'ina a duniya. Ko masanan kansu in sun tona sun ɓata, shi ya sa suke aunawa, suna rubuta wurin kowane tsingaro kafin su ɗaga shi, suna kuma barin wani sashe ba su taɓa ba don na baya, waɗanda za su zo da kayan aikin da suka fi nasu. Sun kuwa yi gaskiya. A zamanin Fagg sai an sami gawayi cikin tafin hannu kafin a iya awo, yau ƙwayar gero ɗaya ta isa.

In ana son a ga abin da irin wannan kulawa ke haifarwa, a dubi Dufuna, a ƙasar Fune ta Jihar Yobe. A 1987, lokacin wurin yana cikin Jihar Borno, wani makiyayi yana haƙa rijiya sai ya ci karo da wani itace mai tauri can ƙasa. Da ya faskara shi ya yi makamashi, da ba wanda zai ji labari. Sai ya faɗa, magana ta bi ta hannun shugabanni har ta kai ga Gwamnati. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Farankfot ta Jamus suka tona a hankali, suka tarar kwalekwale ne mai tsawon mita 8 da 'yan kai, awo ya nuna shekararsa kimanin 8,000. Shi ne kwalekwale mafi tsufa da aka samu a Afirka. Waɗannan masana dai su ne suka tona tuddan Gajiganna a Borno, suka nuna tun wajen shekara 1,800 kafin Miladiyya akwai mutane zaune a wurin da shanu da tumaki da awaki, daga baya suka kama noman gero. A yamma kuma, gawayin da aka samu a wurin narka tama a Dala ya nuna ana aikin ƙarfe a Kano tun ƙarni na 7.

To, a duba taswira. Ga Borno da Yobe a gabas, ga Dala a yamma, tsakaninsu kuwa ƙasar Jigawa ce. Duk wanda ya taso daga bakin Chadi da garke ya nufi ƙasar Kano, ta nan zai ratsa, a gindin waɗannan duwatsu zai sami inuwa da mafaka da wurin hangen abokin gaba. Tarihin da aka rubuta bai kai mu can ba. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya juya da Turanci a 1908, ya ambaci Dutse a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, inda ya nuna shi ne ya fara auren 'yar Sarkin Dutse da ta Sarkin Shira da ta Sarkin Rano. Sarkin Kano ba ya neman aure a ƙauyen da aka kafa jiya, lalle Dutse ta riga ta ƙasaita kafin lokacin. Ya kuma ambace ta a zamanin Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, sa'ad da Kano ta kai mata yaƙi. Amma wa ya fara zama a gindin duwatsun nan, me yake ci, yaushe ƙarfe ya iso masa, yaushe gero, yaushe doki? Alƙalami bai kai nan ba. Amsar tana cikin kufai da kogunan dutse na Birnin Kudu da Dutse da sauran ƙasar masarautar.

Abin da ke ba mu tsoro ke nan. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, aka mai da Dutse hedkwata, gini bai tsaya ba. Hanyoyi da ofisoshi da gidaje duk tsakuwa suke ci, tsakuwa kuwa daga dutse take fitowa. Birnin Kudu ma ta bunƙasa, gidaje sun matso kusa da duwatsun. Ba sai an fasa dutse mai zane ne kaɗai ake yin ɓarna ba. Girgizar nakiya a makwabta kan ɓalle fatar dutsen da zanen ke kai, tana kuma iya zame falalen kiɗa daga mazauninsa, da zarar ya zauna daram kuwa muryarsa ta mutu. Hayaƙin wutar da aka hura a ƙarƙashin rumfar yakan rufe launi da baƙi. Mai rubuta sunansa da gawayi ko fenti a kan zanen, da mai watsa masa ruwa don launin ya fito ya ɗauki hoto, da mai shafawa da hannu don ya ji ko zai goge, kowannensu yana ɗiban rabonsa, ba kuwa wanda ya yi nufin mugunta a cikinsu.

Akwai kuma masu nufin muguntar. A shekarun 1990 'yan haƙa suka afka wa wuraren tarihi na ƙasar Nok, da Kwatarkwashi, da ƙasar Katsina, suka kwashe mutum-mutumin yumɓu aka fitar zuwa Turai, har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya. Talakan da ya yi haƙar ya sami abin da bai kai ya kawo ba, dillali ya kwashe riba. Ko an dawo da kayan yau, ramin da suka fito an riga an hautsina shi, ba mai iya cewa da me aka binne su, ko a wane hawa suke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar kuwa ita ce rashin wanda ya damu a garin.

Mun san akwai masu cewa ina ruwanmu da aikin mutanen jahiliyya. Maganar ta cancanci amsa, ba ba'a ba. Ba wanda ya ce a yi wa dutse yanka ko a nemi wani abu a wurinsa. Sanin yadda mutanen da suka gabace mu suka zauna, suka yi kiwo, suka shuɗe, ilmi ne, kuma abin lura ne ga mai hankali. Ƙasar Saudiyya da kanta ta kewaye zanen duwatsun Jubba da Shuwaimis a lardin Ha'il, ta nema aka sa su cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2015, kamar yadda aka sa Hijir a 2008. Misira da Aljeriya da Nijar duk suna tsaron nasu.

Akwai kuma masu cewa mai fasa dutse abincinsa yake nema, kuma gaskiya ne. Wanda ya ga mutanen nan cikin rana da guduma ba zai raina wahalarsu ba. Amma duwatsu sun yi yawa a ƙasar Dutse, har sunan garin ma daga nan ya samo asali. Waɗanda ke da zane, ko amo, ko kufai a gindi 'yan kaɗan ne a cikinsu. Ba a ce a hana sana'a ba, cewa aka yi a duba kafin a ba da wuri, a nuna wa mutum inda zai fasa da inda ba zai taɓa ba. Da wuya a sami mai fasa dutsen da zai ƙi, in an yi masa bayani da mutunci tun bai zuba kuɗinsa ba.

Doka kam akwai ta. An yi Dokar Kayan Tarihi tun 1953, a ƙarƙashinta aka sa Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu cikin wuraren tarihi na ƙasa. Doka ta 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta hana kowa tona irin waɗannan wurare ba da izni ba, hukumar kuma ta buɗe ofishi a Birnin Kudu don bayyana wa baƙi zanen. Dokar ma'adinai ta 2007 ita ma ta keɓe ƙasar da ke ƙarƙashin dokar wuraren tarihi daga inda za a ba da iznin haƙa. Sai dai doka a takarda ba ta tsare dutse. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, in abu ya faru a ƙauye mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, malamin hakimi ya rubuta, kafin mako ya zagayo magana ta isa majalisa. En'e ta wuce, amma wannan tsani yana nan a masarautu, magadan malaman En'e kuma su ne ke zaune yau a ofisoshin hakimai da na ƙananan hukumomi da na filaye.

Ga su muke magana. Takardar iznin fasa dutse daga Abuja take fitowa, amma yardar mai ƙasa da shaidar shugabannin gari a nan gida ake samunta. Filin gini ma kafin ya zama na wani sai ya bi ta teburin wani malami. Wannan malami shi ne mai tsaron ƙofa, ko ya sani ko bai sani ba. Muna ganin ya wajaba iyakar kowane wuri cikin wuraren nan ta shiga taswirar filaye da rajistar ƙaramar hukuma, da tazara mai kyau kewaye, a kafa duwatsun iyaka da kowa zai gani, don kada wani malami ya sa hannu gobe ya ce bai sani ba. In kuma takarda ta zo tana neman wani dutse da ba a taɓa dubawa ba, ba abin da zai ragu in an riƙe ta kwana kaɗan, aka aika wa ma'aikatan hukumar da ke Birnin Kudu su je su leƙa. Jinkirin mako biyu ba ya kashe kwangila.

Malaman makaranta kuwa nasu aikin ya fi daɗi. Yaro ya fi kowa sanin lungunan dutsen garinsu, ya san inda ake tsintar tsingaro mai ado, da inda kashin tama ya warwatsu a gona, da dutsen da ke ƙara in an jefe shi. Kusan kowane ƙauye akwai wanda ya taɓa tsintar ɗan dutsen nan mai santsi mai baki kamar gatari, wanda muke kira gatarin aradu, muna cewa tsawa ce ta jefo shi. Gatari ne na gaske, hannun mutum ne ya wasa shi tun ba a san ƙarfe ba, inda aka same shi kuwa wataƙila mazauni ne na da. Malamin da ya tambayi ajinsa wa ya san irin waɗannan wurare zai sha mamakin amsar da zai samu. Abin da za a kiyaye shi ne kada a sa yara su kwaso. A bar abu inda yake, a rubuta sunan wurin, da gonar wa, da ranar da aka gani, a ɗauki hoto in da hali, a kai wa hakimi da hukuma. In an kai yara ganin zanen, a koya musu su kalla da ido, hannu a baya, ba ruwa, ba alli, ba gawayi. Gani ya kori ji. Yaron da ya tsaya gaban saniyar nan marar tozo, malaminsa ya tambaye shi me ya rasa a jikinta, ya gano da kansa, ba zai mance darasin ba, ba kuma zai yarda a fasa dutsen a gabansa ba in ya girma ya zama shi ne mai sa hannu.

Wani abu kuma da ya fi zanen saurin gogewa shi ne abin da ke cikin kawunan tsofaffi. Matan da aka kai Dutsen Murufu suna amare a shekarun 1950, waɗanda ke raye cikinsu sun tsufa ƙwarai. Su suka san wane dutse ake bugawa, da wa ke bugawa, da abin da ake rerawa, da lokacin da aka daina da dalilin dainawa. Ba a bukatar nakiya ko shebur kafin wannan ya ɓace. Malama ɗaya mai littafi da alƙalami, ko wayar da ke ɗaukar magana, tana iya yin aikin cikin hutu guda, in ta shiga gidajen da ladabi.

Tono kuwa a bar wa masu shi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen koyar da binciken kufai, ga kuma Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, da ta jiha a Kafin Hausa tun 2013, duk a bakin ƙofa. Muna roƙon Gwamnatin Jigawa da Majalisar Masarautar Dutse su gayyato masana tare da hukumar wuraren tarihi, a bi duwatsun masarautar ɗaya bayan ɗaya, daga Dutse zuwa Kiyawa, zuwa Birnin Kudu da Buji da Gwaram, a rubuta abin da ke kowanne, a ba kowane ofishin hakimi da na filaye kwafin jerin. Kuɗin wannan aiki bai kai na gina mil ɗaya na kwalta ba. A fara kuma da duwatsun da masu neman tsakuwa suka riga suka shigar da takarda a kansu, gama su ne ba za su jira ba.